Shin Majalisa za ta iya sauko da farashin kayan masarufi da doka?

"Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, uwar 'ya'ya biyar. Ina yawan jin 'yan majalisa a rediyo suna muhawara, wasu na cewa a ƙayyade farashin kayan masarufi, wasu na cewa hakan ba zai yiwu ba. Idan lokacin kasafin kuɗi ya zo kuma sai mu ji ana ambaton tiriliyoyi, amma kwanon masara bai san an yi ba. Me ya hana gwamnati ta ce ga kuɗin buhun shinkafa da suga da man girki, duk wanda ya ƙara a kama shi? Kuma mene ne haɗin kasafin kuɗi da cefanen da nake yi?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Tambayarki gida biyu ce: ko hukuma na iya yanka wa kaya farashi ya zauna, da kuma ko tiriliyoyin da ake rabawa a Abuja suna da wata alaƙa da tukunyarki. Na shafe shekaru ina tattara farashin hatsi mako-mako a kasuwannin Kano da Katsina da Kaduna kafin na koma koyar da tattalin arzikin noma, kuma abin da wannan aiki ya nuna mini shi ne amsar tambayarki ta farko tana cikin ta biyu. Farashin da aka rubuta a takarda ba ya zama sai idan wanda ya rubuta shi yana da kayan da zai sayar a haka, ko yana da kuɗin da zai cike giɓin, kuma duka biyun daga kasafi suke fitowa.

Abin da doka ta tanada

Majalisar Tarayya tana da hurumin yin abin da kike nema. Kundin tsarin mulki na 1999, a cikin jerin abubuwan da ita kaɗai ke yi wa doka, ya ambaci ƙayyade farashin kayan da majalisar ta ayyana a matsayin na masarufi. Akwai ma Dokar Ƙayyade Farashi ta 1977 wadda ba a soke ta ba har yau, kuma kayan da ta lissafa su ne keke da babur da mota da kayan gyaransu, sai fulawa, ashana, madara, gishiri, suga da man fetur da danginsa. Ki lura, babu shinkafa, babu masara, babu gero a ciki. A watan Fabrairun 2024 lauya Femi Falana ya dogara da wannan doka ya samu hukunci a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, inda alƙali ya umarci gwamnati ta tsayar da farashin waɗannan kaya cikin kwana 7. Kwana bakwai ɗin sun wuce, shekara ta wuce, babu wanda ya sayi suga a kan farashin kotu. Ita ma dokar da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye da tabbatar da gasa a kasuwa, wato FCCPC, ta ba shugaban ƙasa damar sa hannu a farashin wasu kaya idan hukumar ta ba da shawarar haka. Ke nan ba doka muka rasa ba.

Mun taɓa gwadawa

Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ƙayyade farashi a 1970 bayan yaƙin basasa, ta kuma kafa kamfanin gwamnati na shigo da kayan masarufi a 1972, amma da aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin da aka fi sani da Udoji a 1975 kuɗi suka cika hannu, kaya ba su ƙaru ba, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 hukumar tana kallo. Wanda na gani da idona shi ne na 1984. Ina ɗan sakandare lokacin, sojoji suna shiga kasuwa suna buɗe shaguna, suna tilasta sayar da madara da sabulu da suga a kan farashin gwamnati, jama'a na murna. Cikin 'yan makonni kantar mai shagon unguwarmu ta zama fayau, daga ashana sai gishiri. Idan mahaifiyata ta aike ni sayen madara sai ya dube ni, ya dubi titi, ya ce in dawo bayan magariba ta ƙofar baya, kuma kuɗin da zan biya a can ya fi wanda muke biya kafin zuwan sojojin. Madarar farashin gwamnati kuwa sai an bi layi tun asuba, kuma mai hanya shi yake samun katan.

Mafi daɗewar ƙayyade farashi a ƙasar nan shi ne na man fetur, kuma ya daɗe ne saboda gwamnati tana biyan cikon. A 2022 kaɗai tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4. Duk da haka kin san yadda abin ya kasance a lokacin: dogon layi a gidajen mai, 'yan bumburutu da galan-galan a bakin titi, da tankoki masu tsallakawa Nijar da Benin da Kamaru saboda lita ta fi tsada a can. Da aka janye tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Darasin da nake so ki ɗauka a nan shi ne farashin ya zauna tsawon shekaru ne don ana zuba masa kuɗi, ranar da aka daina zubawa kuma ya tafi inda kasuwa ta kai shi.

Yadda buhu yake tara kuɗinsa

Bari mu bi buhun masara ɗaya daga Dandume ko Saminaka zuwa Dawanau. Manomin ya sayi iri da taki da maganin feshi, ya biya huɗa da noma da girbi da casa, a wasu yankunan Zamfara da Katsina da Neja ma sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya kwashe amfanin. A kasuwar ƙauye dillali zai karɓi la'adarsa, a sayi buhu, a biya mai ɗinki da 'yan dako, a biya rasit. Sai kuɗin mota, wanda ke bin farashin dizal da lalacewar hanya, sai shingaye, waɗanda direba ya riga ya lissafa su cikin kuɗin da zai faɗa tun kafin a ɗora kaya. Kafin buhun ya isa hannun mai awo a unguwarku ya bi ta hannu huɗu ko biyar, kuma a lissafin da na yi ta yi a tsawon shekaru, ribar kowane hannu a lokacin da kasuwa take lafiya ba ta da yawa, yawan juyawa ne ke riƙe su.

To, a ɗauka, don misali kawai, buhun ya sauka Dawanau a kan naira 50,000, doka kuma ta ce kada a sayar da shi sama da 40,000. Ɗan sari ba zai yi asarar 10,000 a kowane buhu don biyayya ga doka ba. Ko ya daina kawowa, ko ya sayar a ɓoye ya ɗora kuɗin kasadar kamu a kai, ko ya juya motar zuwa Jibiya ko Maigatari ko Illela inda ake biya da sefa. Mai awo kuma yana da tasa dabarar, wadda duk mai zuwa kasuwa ya sani: a bubbuga gindin kwano ya shige ciki, a daina yin tozo, farashi yana nan yadda hukuma ta ce amma awon ya ragu. Babu adadin jami'an da zai iya tsare kowane mai awo a dubban kasuwannin ƙasar nan, kuma duk jami'in da aka ba ikon kama mai sayarwa an buɗe masa wata ƙofar karɓar na goro.

Wanda ya fi damuna a wannan lissafi shi ne manomi, domin idan aka danne farashi a birni, nauyin yana gangarawa ne har ya tsaya a kansa, shi da ba shi da wanda zai tura wa. Mun ga alamar haka ba tare da wata doka ba. Bayan gwamnati ta sanar a watan Yulin 2024 cewa ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150, farashin hatsi ya sauka a 2025, masu saye suka ɗan numfasa, amma taki bai sauka ba, har ta kai manoma da yawa suna sayar da buhun masara bai saya musu buhun taki ba. Manomin da ya sha wannan yakan rage gonar masara a damina mai zuwa ya koma waken suya ko dawa, ƙarancin kuma ya dawo kan mai saye bayan shekara ɗaya ko biyu.

Batun ɓoye kaya

Za ki ce ai akwai masu ɓoye kaya, kuma gaskiya ne akwai. Sai dai ya kamata a rarrabe abu biyu. Hatsinmu sau ɗaya ake girbe mafi yawansa, daga Oktoba zuwa Disamba, amma wata goma sha biyu ake cinsa, don haka dole wani ya saya da kaka ya ajiye, in ba haka ba babu abin da za a auna a Yuli da Agusta lokacin da rumbunan ƙauye suka yi ƙasa. Wannan ajiya aiki ne, tana da kuɗin sito da maganin ƙwari da kasadar faɗuwar farashi. Abin da yake laifi shi ne 'yan tsiraru masu jari su haɗa baki su kwashe kasuwa, su riƙe kayan lokacin da mutane ke cikin yunwa don su tilasta farashi ya hau. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin haka. Irin wannan mataki yana da amfani idan an yi bincike an tabbatar, amma idan ya zama duk mai sito abin zargi ne, 'yan kasuwa za su ji tsoron saye da kaka, farashi ya faɗi a hannun manomi, ya kuma yi tashin gwauron zabi da damina.

Malamanmu sun daɗe da yin wannan rarrabewa. Ya tabbata a hadisi cewa kaya sun yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka farashi, bai yi ba, ya nuna yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙi na jini ko na dukiya. Ya kuma tabbata cewa ya kira mai ɓoye kaya mai laifi. Malaman da suka halatta wa shugaba ya sa farashi sun yi haka ne a inda 'yan kasuwa suka ƙetare iyaka ko suka mamaye kaya, kuma sun gindaya sharaɗin a tara masu sana'ar a san nawa suka kashe, a bar musu ribar da za su ci gaba da kawowa.

Wannan ya kawo mu inda sa hannun hukuma yake da ma'ana. Siminti da suga da fulawa kamfanoni ƙalilan ne ke samar da su, ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, littattafansu a rubuce suke, kuma wasunsu sun ci moriyar kariyar gwamnati daga kayan waje shekara da shekaru. A irin wannan kasuwa gwamnati tana da haƙƙin ta ce a buɗe lissafi a gani, kamar yadda hukumomi ke amincewa da kuɗin wutar lantarki da na kiran waya kafin a ƙara. Amma ko a nan ma sanarwa kaɗai ba ta wadatarwa. A Fabrairun 2024 ministan ayyuka ya zauna da masu kamfanonin siminti aka sanar da cewa buhu zai tsaya tsakanin naira 7,000 da 8,000, Majalisar Wakilai ma ta gayyace su, amma magina sun ci gaba da saye sama da haka a wurare da yawa. Abin da ke aiki shi ne bincike mai haƙori a ƙarƙashin dokar gasa, da barin ƙofa a buɗe ga sababbin masu samarwa.

Inda kasafi ya shigo

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Kasafin 2025 da aka sa wa hannu ya kai naira tiriliyan 54.99, kuma sama da tiriliyan 14 daga ciki na biyan bashi ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi tun kafin a sayi buhun taki ɗaya ko a cike rami ɗaya a hanya. Yadda ake cike giɓin kasafi shi kansa yana shiga cefanenki. A shekarun baya gwamnati ta riƙa karɓar rance kai tsaye daga Babban Banki, abin da a aikace yake nufin ƙirƙiro sababbin kuɗi ba tare da ƙarin kaya ba, alhali dokar bankin ta taƙaita irin wannan rance ga kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Bashin ya taru har naira tiriliyan 22.7, kuma a watan Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango. Da 'yan majalisa sun tsaya a kan wannan iyaka tun farko, da sun yi wa farashin kaya aikin da ya fi kowace dokar ƙayyadewa. Da aka haɗa wannan da janye tallafin mai da barin kasuwa ta yanka darajar naira a Yunin 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000.

Sai kuma abin da ake ware wa noma. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003 cewa kowace ƙasa za ta ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafinta, suka sabunta alkawarin a Malabo a 2014, amma kasafin tarayyar Najeriya ya saba tsayawa nesa ƙwarai da wannan adadi. Sakamakon ya bayyana a Fabrairun 2024, lokacin da mata suka tare hanya a Minna saboda tsadar abinci, gwamnati ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta. Idan kika raba wannan ga mutum sama da miliyan 200, kowa bai samu rubu'in kilo ba. Ƙasar kuwa tana da manyan rumbunan ƙarfe da aka gina da kuɗin jama'a waɗanda za su iya ɗaukar sama da tan miliyan 1, da yawansu an ba da hayarsu ga 'yan kasuwa.

A nan ne nake ganin hanyar da gwamnati za ta iya riƙe farashin hatsi da gaske. Ta shiga kasuwa da kaka ta saya a kan farashin da ba zai karya manomi ba, ta ajiye, idan damina ta yi nisa farashi ya fara hawa ta fito da shi ta sayar da rangwame. Mai ɓoye kaya ba ya tsoron sanarwa, amma yana tsoron ranar da motocin gwamnati za su sauke hatsi a kasuwa farashi ya karye kayansa na sito. Maƙwabtanmu na Nijar suna da hukumar OPVN da ke sayar da hatsi a farashi mai rahusa a watannin wahala, Indiya kuma tana sayen alkama da shinkafa daga manoma a kan farashin da ta sanar tun kafin girbi, dokarta ta 2013 ta ba ɗaruruwan miliyoyin mutane haƙƙin kilo 5 na hatsi kowane wata. Mu yi lissafi da misali: idan buhu mai kilo 100 yana naira 40,000 da kaka, tan miliyan 1 buhu miliyan 10 ne, kuɗinsa naira biliyan 400, bai kai kashi 1 cikin 100 na kasafin 2025 ba, kuma mafi yawan kuɗin yana dawowa idan an sayar. Kasafin Majalisar Tarayya ita kanta a 2024 ya haura naira biliyan 340.

Ba zan ɓoye miki raunin wannan hanya ba, domin na gan shi. Na taɓa zama cikin kwamitin rabon taki mai rangwame a wata jiha, kuɗin yana cikin kasafi tun Janairu amma ba a sake shi ba sai da damina ta yi nisa, takin ya iso a Agusta lokacin da masara ta riga ta fitar da kai, kuma kafin mako ya zagayo na ga buhunan da tambarinsu a kasuwa ana sayarwa a farashin 'yan kasuwa. Kowa kuma ya tuna rumbunan kayan tallafin korona da jama'a suka fasa a Oktoban 2020 aka tarar da abinci jibge. Rumbun gwamnati da babu mai ƙirga shi yakan zama rumbun wasu mutane, hatsin da ba a juya shi kuma ƙwari ne ke cinye shi. Haka nan duk abin da na faɗa ya fi ƙarfi a kan hatsin da muke nomawa. Magani da madarar gari da alkama da sauran kayan da ake shigowa da su suna bin darajar naira ne, babu rumbun da zai riƙe su idan dala ta tashi. Kuma babu tsarin ajiya da zai yi aiki idan manomin Birnin Gwari ko Shiroro bai iya zuwa gona ba, shi ya sa kuɗin tsaro, idan ya isa inda aka ce, ni a wurina kuɗin abinci ne.

Sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360 suna da ikon ƙarawa da ragewa a kasafi, suna kuma da ikon kiran kowane minista ya yi bayanin abin da ya kashe. Mafi yawan ƙarfin nan yana tafiya ne wajen cusa ƙananan ayyukan mazaɓu, fitilun kan titi da rabon babura da kekunan ɗinki, waɗanda ake gani da ido a ɗauki hoto. Idan wakilinku ya zo gida, Malama, ko ƙungiyarku ta malamai ta samu zama da shi, ku tambaye shi tan nawa ne a rumbunan gwamnati a yau kuma wa ya ƙirga, nawa aka ware don sayen hatsi da kakar bana kuma a wane wata za a saki kuɗin, sannan cikin abin da aka ware wa noma da hanyoyin karkara bara nawa aka saki a zahiri. Kwamitocin noma da na kasafi suna da ikon neman waɗannan alƙaluma a rubuce daga ma'aikatun da abin ya shafa, kuma lokacin da ya fi dacewa a matsa a kansu shi ne Satumba da Oktoba, kafin sabon hatsi ya shigo kasuwa manyan 'yan sari su riga gwamnati saye.